Tulun Sobiya da Babban Yatsana

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren autata Safiya ba, kuma ko na so in manta ba za a bar ni ba, domin akwai hotuna. A kowane hoto za ka ga uban ango tsaye cikin jallabiyar da ta tsaya masa a ƙwauri. Tawa ce. Yadda aka yi ta koma jikinsa shi ne labarin da zan ba ku. Amma tun yanzu ina faɗa: na ji kunya, ban yi nadama ba. Ba ɗaya ba ne.

Ni ɗan banshar ne, wato mai facin taya. Shekara ashirin da shida ke nan ina wannan aiki a Khumra, can kudancin Jidda, inda manyan motoci ke sauke kaya. A Mai Wurno ta Sudan aka haife ni, na zo ƙasar nan da ƙuruciyata, kuma tun da na zo ban san wata sana'a ba sai neman inda iska ke gudu. Ka kawo mini tayar tirela, in shafa ta da tafin hannu, in kara kunne, in nuna maka inda ƙusa take kafin ka gama gaisuwa. (Wannan ba yabon kai ba ne. To, yabon kai ne, amma gaskiya ce.) Kuma mu 'yan banshar muna da wata ɗabi'a: in direba ya ce taya ba iska, ba ma gardama da baki. Farce muke sawa a kan bawul mu danna, ya yi fiss, ya ji da kunnensa. Na yi haka sau dubu nawa a rayuwata, Allah kaɗai ya sani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ban iya ba shi ne karatu. Na yi allo ina yaro, na kai izu biyu, daga nan neman abinci ya ɗauke ni. Sai da na haura hamsin na shiga ajin Malam Sani, wani tela Bakatsine a unguwarmu Madain Fahd, wanda ke tara mu tsofaffi shida a shagonsa duk Asabar bayan la'asar yana koya mana boko. Mai ɗakina Hauwa ta ce Allah ya taimaka. Safiya ta saya mini fensir dozin guda. Mutum ɗaya ne ya mayar da abin wasan yara, shi ne Isiyaku, ɗan kawuna, taubashina, direban babbar mota wanda bakinsa ya fi hon ɗinsa ƙara.

"Bawana," ya ce ranar da ya ji labari, "an ce ka shiga firamare. In sayo maka 'yar jaka mai hoton kyanwa?"

Na ce, "Gemu ba ya hana ilimi."

Ya ce, "Gemu ba ya hanawa, amma ita furfura ai tana da kunya."

Shi kansa ko sunansa bai iya rubutawa ba, da babban yatsa yake dangwalawa. Amma a wurinsa wannan ba jahilci ba ne, wai hutu ne.

Yanzu maganar sobiya. Duk wanda ya yi azumi a Jidda ya san ta: sha'ir ne ake jiƙawa da sukari da kirfa da hel (ƙwayar ƙamshin nan da ake sa wa gahawa), a bar shi ya kwana, a tace, a sanyaya. Ni nake haɗa ta gidanmu da hannuna, kuma tawa daban take, don ina zuba mata zobo (mu can Sudan karkade muke cewa) har ta yi ja wur kamar garwashi. Maƙwabta suna aiko da kwano. Shekara da shekaru abu ɗaya ke cin raina: da za ta riƙa tsirar harshe kamar lemon kwalba, da babu wanda zai sake kallon firjin bakala, wato kantin unguwa.

Wata rana wani Bayamane mai sayar da tsofaffin ƙarafa, maƙwabcin shagonmu, ya sauke kayan wani gidan abinci da aka rufe. A ciki na ga tulun ƙarfe mai sheƙi, tsayinsa zai kai gwiwa da ɗan ƙari. Na tambaya, ya ce da irinsa ake zuba lemo daga famfo, ana haɗa masa silindar gas. Sai ya rage murya ya ce a wasu ƙasashe kuma da irinsa ake zuba abin da ba a faɗi.

"Wannan fa?" na ce.

"Wannan lemo ne, wallahi, sansana ka ji."

Na sansana, lemo ne. Duk da haka da na kai gida Hauwa ta ce ba zai shiga kicin ɗinta ba sai an yi masa wanki bakwai. Muka yi bakwai, ɗaya da ƙasa, kamar kwanon da kare ya lasa. Tulun bai yi laifin komai ba, amma ya sha tsarki.

Bari in kwatanta muku shi, don in ba ku gane shi ba ba za ku gane wautata ba. A samansa akwai murfi a tsakiya, mai zoben roba a kewaye. Sai ƙahonni biyu gajeru, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta ɗaya gas ke shiga, ta ɗaya abin sha ke fita in ka maƙala tiyon famfo. A tsakiyar kowane ƙaho akwai 'yar allura mai sifirin: in an danna ta buɗe, in an saki ta rufe. Da na gan ta na yi dariya ni kaɗai. Ai bawul ɗin taya ne sak! Na ce a raina, wannan tulu ya zo gidan ubansa.

Ana nan aka sa ranar Safiya. Muka je unguwar Ruwais gidan uban yaron, Alhaji Usman, don a tsara hidima. Alhaji Usman ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, dogo, mai maganar ƙasa-ƙasa, irin mutanen da farin kayansu ba ya taɓa sanin ƙura. Rawaninsa kaɗai in ka gani sai ka gyara zama. Aka zo kan abin sha, ya ce zai aiko da katan-katan na lemo. Ni kuwa, ban san abin da ya hau kaina ba, na ce, "Alhaji, a bar mini wannan. Baƙinka za su sha sobiya mai gas, daga famfo, ta hannuna."

Alhaji ya ɗaga gira ya ce, "Masha Allah."

Isiyaku, wanda na yi kuskuren tafiya da shi, ya ajiye finjalin shayi ya ce, "Alhaji, ka zama shaida. In sobiyar bawan nan nawa ta fito da gas ranar nan, ni Isiyaku zan je ajinsu in zauna a benci in riƙe fensir. In kuwa ta fito lami kamar ruwan randa, ya ajiye karatun nan ya huta, mu ma mu huta da jin a-ba-ca-da."

Mai hankali da ya yi murmushi ya ce ai wasa ne. Ni na miƙa masa hannu na ce, "Halas, an ƙulla." Alhaji ya ce ya shaida. Sai a mota na tuna cewa ko sau ɗaya ban taɓa sa wa tulun gas ba, kuma saura mako biyu.

Hauwa ce ta ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gwada da ruwa tukuna, kar ka ɓata mini sha'ir." Na samo silinda (gas ɗin lemo fa, ba na girki ba, kar wani ya je ya ƙone gidansa ya ce ni na koya masa) da agogon da ke nuna ƙarfin iska, da tiyo biyu. Na cika tulu da ruwa, na rufe, na buɗe gas, allurar agogo ta tashi tsaye. Na tafi aiki ina tafiyar ƙasaita. Washegari da safe allura tana kwance a ƙasa kamar wadda ta suma, silinda kuma ta yi sakayau. Gas ɗin kaf ya gudu, a cikin gidan ɗan banshar, ni ina ciki ina minshari.

Na sake cika silinda. Wannan karon na kaɗa ruwan sabulu na shafa wa murfi, sai ga kumfa tana ta tasowa kamar bakin raƙumi. Na ciro zoben robar, ashe ya bushe ya tsattsage. Na ce abu mai sauƙi. Na fara ɗauko robar tukunyar matsi ta Hauwa, ta yi girma, kuma na sha faɗa. Na yanko zobe daga tsohon tub na taya, ya zauna daram, amma ruwan da ya kwana a ciki ya fito yana warin titi. Kwana uku ina zagaya shaguna da tsohon zoben a aljihu ina nunawa, ana cewa, "Mafi, ya ammi," wato babu, baba, har na dace da wani mai gyaran injin gahawa da ke da irinsa.

Na sa sabon zobe. Kumfa ta sake tasowa.

A nan ne na zauna a ƙasa na zuba wa tulun ido, na ce masa, "Kai, ka san ko ni wane ne?" Sai Allah ya kawo mini tunani. Tayar da ba ta da tub, in ka ba ta iska a hankali ba za ta taɓa kama baki ba, sai ka buga mata da ƙarfi lokaci ɗaya ta yi ɗas ta zauna. Na ɗaga hannun murfin sama, na murɗa gas da ƙarfi, na ji ɗas. Kumfa ta mutu. Babu wanda ya koya mini wannan. Na fito tsakar gida ina neman wanda zan gaya wa, ban sami kowa ba sai kyanwa.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Allura ta daina faɗuwa, ta koma zamewa a hankali, kullum kaɗan. Sabulu bai nuna komai ba, kunne bai ji komai ba. Isiyaku ya biyo ya same ni a durƙushe ina kara kunne a ƙarfe.

"Me yake ce maka?" ya ce. "Ka kai shi shago mana ka buga masa kwamfuresa, baƙi su sha sobiya mai ɗanɗanon baƙin mai."

Amma maganar shago ta zauna mini. Na ɗora tulu a mota na kai Khumra, na tsoma shi gaba ɗaya cikin kwamin ruwan da muke tsoma taya, direbobi sun kewaye ni suna tambaya ko sabuwar irin taya ce. Na jira. Na daɗe ina jira, don haƙuri dai ina da shi, ko maƙiyina ya sani. Can sai ga 'yar ƙwayar iska ɗaya, tamkar ƙwayar gero, ta taso daga gindin ƙahon gas. Bayan ɗan lokaci wata ta biyo ta. Ashe akwai wani ƙaramin zobe a nan ma, da ya kai shekarun Safiya. Na canza shi, na canza na ɗaya ƙahon, na ƙara ɗaure bakin tiyo da na ga yana ɗan motsi. (Na sake wanki bakwai kuma, saboda kwamin. Hauwa ba ta san wannan ɓangaren ba sai in ta karanta, kuma ba ta shiga aji ba tukuna.)

Kwana biyu allura ba ta motsa ba. Na buɗe famfo, ruwa ya fito yana tsalle a kofi. Na kurɓa, ya tsire ni a hanci. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa, kuma ba duka ne na gas ba.

Saura abu ɗaya. Ƙahonnin nan biyu kamarsu ɗaya, sau biyu ina rikita su a gwaji. Sai na yanko farin salatif gida biyu, na zauna da alƙalami mai kauri, na rubuta ISKA a ɗaya, na rubuta SHA a ɗaya, na manna. Wannan shi ne rubutu na farko da na taɓa yi a wajen littafin aji, rubutun da zai yi aiki a duniya. Na ɗauki hotonsa na kai wa Malam Sani ranar Asabar. Ya duba ya ce K ɗin ta ɗan jingina kamar mai ciwon baya, amma kowa zai karanta. Na yi kwana biyu ina bi ta gaban tulun ba dalili, don kawai in karanta.

Sobiya kuwa ba a yi mata nisa, in ta daɗe a zafi takan koma abin da ba a faɗi, sai a nemi tsari da ita. Na haɗa ta ana saura kwana uku, na tace sau biyu (da na sani na yi uku), na zuba, na rufe, na buga gas, na fitar da kantocin firji na cusa tulun a ciki. Safe da yamma ina fito da shi in gangara shi a tabarma don gas ya ratsa. Safiya ta leƙo daga ɗakin ƙunshi ta gan ni ina gangara ƙarfe da ƙafa, ta ce, "Ya Baba, esh hada, mene ne wannan? Wallahi ana khaifa, tsoro nake ji, kar ka ba ni kunya gaban mutanen nan."

Na ce, "Ke dai ki ji da lallenki."

Ranar Juma'a aka ɗaura aure bayan an sauko daga masallaci, aka dawo rumfar da muka kafa a ƙofar gida don cin abinci. Mazan unguwa sun cika, kowa fari fat, kamar an zuba balbelu a kan darduma. Tulu yana gefe cikin rabin durom na ƙanƙara. Na cire masa tiyon gas don ya yi kyan gani, na famfo kuma na rataye a wuyana, na ce sai an gama cin shinkafa zan maƙala a gaban kowa. Ina son a gani. Wannan shi ne zunubina, na amsa.

Aka gama ci, aka wanke hannu. Alhaji Usman ya taso da kansa, da liman a damarsa, da wasu dattawa uku na Ruwais a baya. Jallabiyarsa ta ranar nan, ko a shagonsa ban ga irin yadin ba. Ya sunkuya a kan tulun, ya gyara tabarau.

"Iska," ya karanta. "Sha. Wa ya rubuta?"

"Ni ne, Alhaji."

"Da hannunka? Masha Allah. Ai karatu ya kama."

Kaina ya yi girma har hula ta matse ni. Sai ga muryar Isiyaku daga bayan dattawa.

"Alhaji, rubutu dai ga shi, amma ni fa ban ji komai ba. Tulun nan shiru yake kamar maƙabarta. Abin da ke da gas ai yana huci. Ina jin iskar ta koma Sudan tun jiya."

Ku lura, shirun nan shi ne nasarata. Mako biyu na yi ina neman shirun nan. Tulun da ke huci shi ne mai yoyo. Da na buɗe baki na faɗi haka, da an wuce wurin. Ko in maƙala famfon da ke wuyana in cika kofi in miƙa wa Alhaji, shi ke nan, Isiyaku ya sha ƙasa. Amma an ce wa ɗan banshar taya ba iska. A gaban mutane. Kafin kaina ya gama tunani, hannuna ya riga ya tafi aikin da ya saba shekara ashirin da shida.

"Ba iska?" na ce. "To saurara."

Na sa farcen babban yatsa na danna allura.

Ta ƙahon da ya fi kusa da ni. Wanda aka manna wa SHA. Da rubutuna. Na gan shi kuwa, na karanta shi sarai, daidai lokacin da yatsan ya riga ya nutse.

Ban san sobiya na iya tashi sama haka ba. Wani jan igiyar ruwa ya fito kamar an harba, ya sami Alhaji Usman a ƙarƙashin haɓa, don har lokacin yana sunkuye yana yaba rubutuna. Ya bi ta gemu, ya wanke tabarau, ya ɗaga gaban rawani, ragowar ya daki rufin rumfa ya dawo ƙasa kamar yayyafi. Na janye yatsa da sauri. Bawul ɗin taya in ka saki yana rufewa. Wannan bai rufe ba. Wani ɗan ɓawon sha'ir da ya tsere wa rariya ya maƙale a allurar, ta tsaya a buɗe.

Sai na yi abin da duk mai ruɗewa zai yi, na toshe bakin da yatsa. Kun san abin da ke faruwa in an toshe bakin tiyo da yatsa. Ruwan ya baje kamar fifike. Liman ya samu. Dattawan Ruwais uku suka samu, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana raba musu. Ango, da ya taso da gudu zai taimaki surukinsa, ya samu a ƙirji. Wani yana ta "La haula!", wani yana "Sakkir! Sakkir!" wato in rufe, kamar ni ban san ana rufewa ba. Isiyaku kuwa, ɗan banza, ya laɓe bayan liman, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Daga cikin gida, ta bayan labule, muryar Hauwa ta tsaga hayaniyar: "Malam! Abin wuyanka!"

Na tsinci kaina ina laluben laya. Sai na ji tiyon famfo. Na fizgo shi, na danna a kan ƙahon, ya yi ƙas ya kama. Ruwa ya tsaya.

Na ɗago kai. Ana jin ɗigar ruwa daga rufin rumfa, ɗis, ɗis. Na duba Alhaji Usman. Daga rawani har cibiya ja ne, kamar wanda ya taya mahauta aiki ranar layya. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma kwalta ce. Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito shi ne, "Alhaji... da sanyi dai ko?"

Ya cire tabarau a hankali. Ya nemi wuri fari a jikinsa da zai goge, bai samu ba, ya goge a hannun rigar ɗansa. Ya mayar. Ya sake sunkuyawa, wannan karon daga nesa, ya dubi salatif ɗin.

"Malam," ya ce, da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa, "nan sha ka rubuta. Ban ga inda ka rubuta wanka ba."

Liman ne ya fara fashewa, sai rumfa ta ɗauka gaba ɗaya. Alhaji bai yi dariya ba. Ya dai lashi leɓe, ya yi wata atishawa da ta girgiza rawanin, ya ce a ba shi kofi tun da an riga an fara masa ta waje.

Na shigar da shi ciki ya canza kaya. Jallabiyata mafi tsawo ita ce wadda kuke gani a hoto. Sauran dattawan muka rarraba musu na maƙwabta. Safiya ta aiko mini da saƙo ta bakin yayarta cewa ba za ta sake fita titi a Jidda ba har abada. (Ta fita bayan kwana huɗu.) Hauwa ta yi kwana biyu tana ajiye mini abinci ba magana, a rana ta uku ta ce, "Sau biyu ka tace ko?" Na ce eh. Ta ce, "Hmm." Wannan hmm ɗin ya fi mari.

Amma ban bari taro ya watse ba sai da na tare Isiyaku a bakin rumfa yana neman sulalewa.

"Ina za ka? Asabar bayan la'asar."

"Wane irin Asabar? Kai da ka yi wa surukai ɓarin jini a fuska? Ai ka faɗi warwas!"

"Me muka ƙulla? In ta fito da gas. Ta fito ko ba ta fito ba?"

"A kofi ake nufi!"

"Ba ka ce kofi ba. Ga shaida nan."

Muka juya ga Alhaji Usman, yana zaune da ƙwaurinsa a waje, kofi na biyu a hannu. Ya kurɓa, ya ajiye, ya ce, "Isiyaku, ni dai har yanzu yana cikin hancina. In kana son hujjar da ta fi wannan, ga tulun can, ka sunkuya, Malam ya danna."

Isiyaku bai sunkuya ba.

Yau wata bakwai ke nan yana zama kusa da ni a shagon Malam Sani. Yana riƙe fensir kamar sifana, yana karya biyu a mako, kuma S ɗinsa kullum baya take kallo. Ranar farko na kai masa 'yar jaka mai hoton kyanwa. Ya ce Allah ya isa, amma da ita yake zuwa.

Jallabiyar Alhaji ba ta fita ba, zobo ba ya yafiya. Na je da kaina Ruwais na ba da haƙuri, ya ce ma'alesh, wato ba komai, ya ce kuma in Allah ya kawo suna, sobiyata yake so, da sharaɗin zai zauna a sahun baya. Har yanzu in na bi ta unguwa akwai masu ɗaga mini babban yatsa suna cewa fiss. Su yi ta yi. Tuluna ba ya yoyo, ni na gyara shi da hannuna, ni na rubuta masa suna, kuma babu wanda ya sha bai nemi ƙari ba. Wanda ya iya ya yi nasa mu gani.

Abin da na koya dai shi ne, ido yana shiga makaranta a wata shida, amma yatsa sai a hankali. Shi ya sa yanzu nake tace sau uku, na kuma kifa murfin kwalba a kan ƙahon nan na naɗe da salatif. A samansa na rubuta, da manyan baƙaƙe, ba don baƙi ba, don ni: KAR KA DANNA. K ɗin duka biyu a miƙe suke.